Gwano Ba Ya Jin Warin Jikinsa: Wa Ya Fi Sanin Halinka, Kai Ko Jama'a?

Shekarun baya da aka zo neman auren 'yar wana, ni aka haɗa da kawunmu muka tafi bincike. Kowa ya san yadda abin yake a ƙasar Hausa. Kafin magana ta yi nisa, sai dangin yarinya sun tura mutum biyu ko uku unguwar su yaron, a ji ko ɗan wane ne, me yake yi, yaya zamansa da jama'a. Yaron nan na riga na zauna da shi sau biyu a zaure. Natsattse ne, maganarsa a tsare. Ana cikin hira, ban ma tambaye shi ba, ya ce min: "Ni dai, Baffa, abu ɗaya na sani game da kaina, ba ni da faɗa. Ko an ɓata min, nan take nake mantawa." Yadda ya faɗi maganar, na tabbata har cikin zuciyarsa haka ya yarda.

Muka isa unguwar bayan la'asar. Kawu bai nufi ƙofar gidansu ba. Ya fara tsayawa wurin mai shagon bakin layi, daga nan ya ƙarasa wurin wani dattijo da ke zaune gindin dalbejiya kusa da masallaci. Washegari muka shiga kasuwa, layin da yaron ke tsaron shagon ubangidansa. Ko'ina da magana ɗaya Kawu yake buɗewa: "Malam, amanar aure ce ta kawo mu, don Allah a faɗa mana tsakani da Allah." Amsoshin suka zo kusan iri ɗaya. Yana sallah, ba ya shaye-shaye, hannunsa a sake yake, ba a taɓa kama shi da cin kwabon wani ba. Sai a ɗan yi shiru, a sassauta murya: "Sai dai fa yana da zuciya. In ransa ya ɓaci ba ya duba wanda ke gabansa. Amma ba ya riƙo."

Mutum huɗu muka tambaya, ba su haɗa baki ba, duk huɗun suka ambaci zuciyar nan. Abin da ya tsaya min a rai tun ranar shi ne yaron bai yi mana ƙarya ba, su ma ba su yi masa ƙazafi ba. Shi abin da yake ji a ransa saurin hucewa ne. Su kuwa abin da ke sauka a kunnensu tsawar da ke rigan hucewar zuwa ne. A wurinsa minti biyar ne ya zo ya wuce. Yaron shagon da aka daka wa tsawa a gaban masu saye kuwa, kwana uku abin na cin sa.

Wannan giɓin, tsakanin wanda kake ɗauka kai ne da wanda mutane ke zaune da shi, kowa yana da nasa. Tambayar da ta dace a yi ita ce a ina yake faɗi, a ina yake ƙuntata, kuma idan shaidu biyun nan suka saɓa, wanne za a bi.

Dalilin farko mai sauƙi ne har a kan raina shi. Idonka waje yake kallo. Ba ka taɓa ganin fuskarka ba a lokacin da ake ba ka labarin da ya gundure ka, ko sanda aka yabi wani a gabanka, ko sanda matarka ta kawo maganar kuɗin cefane. Madubi fuskar da ka shirya yake nuna maka. Wanda duk ya taɓa sauraron saƙon muryar da ya tura a WhatsApp ya san ɗan abin nan: sai ka ji kamar ba kai ba. Dalili kuwa, kana jin muryarka ne ta iska da kuma ta ƙashin kanka, shi ya sa take zo maka da kauri. Mutane ta iska kawai suke jin ta. Muryar da ke cikin saƙon ita ce wadda suka sani tun da suka san ka. Haka hali yake. Akwai wanda kake ji ta ciki, akwai wanda ke isa ga mutane.

Na biyu ya fi wannan nauyi. Kai kana auna kanka da niyyarka, mutane suna auna ka da aikinka. A 1971 wasu masana halayyar ɗan Adam a Amurka, Edward Jones da Richard Nisbett, suka yi bayanin wannan: mai aiki yakan jingina abin da ya yi ga yanayin da ya samu kansa, mai kallo kuma ya jingina shi ga halin mai aikin. Idan na makara ɗaurin aure, cunkoso ne ya tsare ni a hanya. Idan kai ka makara, da ma ba ka cika alkawari. Kowane kuskurena yana tafe da uzurinsa a aljihuna, don ni na san daren da na yi ban runtsa ba, na san bashin da ke kaina, na san ba da gangan na yi ba. Mai kallo bai san ko ɗaya ba. Amma akwai abin da shi ya riƙe wanda ni na zubar, wato lissafi. Ni kowace makara daban nake kallon ta, da dalilinta. Shi ya ƙirga ya ga sau bakwai ke nan a wata biyu, kuma abin da aka yi sau bakwai ya tashi daga tsautsayi ya koma hali.

Sai kuma son kai, wanda ba sai an tsaya dogon bayani ba. A 1981 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Ola Svenson, ya tambayi ɗalibai masu tuƙi su auna kansu da sauran abokansu. Cikin Amurkawan da aka tambaya, kashi 93 cikin ɗari suka sa kansu a rabin sama wajen iya tuƙi. Cikin 'yan Suwidin kashi 69. Lissafi ba zai ɗauki wannan ba, rabi ne kawai za su iya zama a rabin sama. Bahaushe ya daɗe da gama maganar: laifi tudu ne, taka naka ka hango na wani.

To, da a nan maganar ta tsaya, da sai a ce mutane ne ke da gaskiya, kai ne makaho. Ba haka abin yake ba, kuma nan ne nake son mu daɗe.

A 1955 wasu Amurkawa biyu, Joseph Luft da Harrington Ingham, suka zana wani taga mai gida huɗu, suka haɗa farkon sunayensu suka kira shi Johari. Gida ɗaya na abin da ka sani game da kanka mutane ma suka sani. Ɗaya na abin da ka sani ka ɓoye. Ɗaya na abin da mutane suka sani kai ba ka sani ba. Na ƙarshe na abin da babu wanda ya sani tukuna, sai ranar da jarrabawa ta zo, kamar mutumin da bai san yana da ƙarfin hali ba sai ranar da gobara ta tashi a gidan maƙwabci. Zanen yana da amfani wajen tunani, amma bai faɗi wane hali ne ke faɗawa wane gida ba.

Wadda ta ɗauko wannan tambayar da gaske ita ce Simine Vazire, lokacin tana koyarwa a Jami'ar Washington da ke birnin St. Louis. A binciken da ta wallafa a 2010, ta tara mutum 165. Kowa ya bayyana halinsa da kansa, abokansa suka bayyana shi, baƙin da suka zauna da shi na ɗan lokaci su ma suka bayyana shi. Sannan aka gwada kowa a aikace: aka ba shi jarrabawar kaifin ƙwaƙwalwa da ta ƙirƙira, aka sa shi magana a gaban na'urar ɗaukar hoto don a ga fargabarsa, aka sa shi cikin rukuni don a ga wa ke jan ragamar magana. Daga nan aka duba bayanin wa ya fi dacewa da abin da aka gani.

Sakamakon ya rabu. A kan abubuwan da ke can ciki, irin su fargaba da damuwa, mutum ya fi kowa sanin kansa. A kan abubuwan da ke fili, irin su yawan magana da son shugabantar taro, kowa ya gane, har baƙon da ya yi mintoci da kai. A kan basira da ƙirƙira kuwa, abokai sun fi mai abin sanin gaskiyarsa. Vazire ta ce abubuwa biyu ne ke yanke hukunci. Na ɗaya, shin ana ganin halin daga waje? Na biyu, shin hali ne da mutum ke jin darajarsa ta rataya a kai? Inda ba a gani daga waje, kai ne shaida. Inda darajarka ta shiga, shaidarka ta raunana, domin ka zama alƙali a shari'ar da kai ne mai ƙara.

Bayan shekara tara, a 2019, ita da Jessie Sun suka fitar da wani binciken da ya fi taɓa ni. Aka rataya wa ɗalibai wata 'yar na'ura da ke naɗar gajerun sautuka lokaci-lokaci na tsawon kwanaki, ana kuma tambayar su sau da yawa a rana yadda suka kasance cikin sa'ar da ta wuce. Wasu mutane daban suka saurari sautukan suka ba da nasu hukuncin. Aka tarar ɗaliban sun san sanda suke cikin walwala da surutu, sun san sanda suka duƙufa kan aiki da sanda suka yi lalaci. Inda bayaninsu ya kauce wa na masu sauraro shi ne wajen kirki da taushin mu'amala. Wato mutum yakan yi wa wani magana mai kaushi bai san ya yi ba. Da na karanta wannan, yaron nan na kasuwa ne ya faɗo min a rai.

Yawancin waɗannan bincike a Amurka aka yi su, galibi a kan ɗaliban jami'a, kuma masana da kansu sun nuna cewa yawan yabon kai ya bambanta daga al'umma zuwa al'umma. A Japan, misali, an sha samun sa ƙasa da na Amurka. Don haka ba zan ɗauko adadinsu in ɗora a kan mutanen Kano ko Damagaram ba. Amma ƙa'idar da suka fito da ita ta zauna daram a kan abin da muke kira kirki. Baturen Ingila nan Anthony Kirk-Greene, a laccar da aka buga a 1974 kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, ya lissafo siffofi goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Duba su ɗaya bayan ɗaya. Kusan dukkansu abubuwa ne da ke faruwa tsakaninka da wani, kuma dukkansu abubuwa ne da kowa ke son a ce yana da su. Ke nan sun faɗa daidai inda shaidar mutum a kan kansa ta fi rauni. Amanarka tana hannun wanda ya ba ka ajiya. Karamcinka baƙonka ne zai faɗe shi. Adalcinka, a tambayi matarka ta biyu, ko yaron gidanka, ko ƙanenka da kuka raba gado. Shi ya sa idan mutum ya miƙe ya ce "ni mutumin kirki ne", kunnen Bahaushe ba ya karɓa. Ba a ba wa kai wannan sunan, mutane ke bayarwa.

Addini ma ya riƙe ɓangarorin biyu. A Suratun Najmi an hana mu tsarkake kanmu, domin Allah ne mafi sanin wanda ya yi taƙawa. A Suratul Ƙiyama kuma an ce mutum mai gani ne a kan kansa, ko da ya jero uzurorinsa. Akwai abin da ka sani sarai game da kanka wanda duniya ba za ta taɓa sani ba: hassadar da ta motsa maka sanda abokinka ya sayi mota, riyar da ta shiga sadakarka, tsoron da ka rufe da murmushi. A nan ko gari ya taru ya yabe ka, kai ka san gaskiya. A ɗaya hannun, Buhari da Muslim sun rawaito daga Anas ɗan Malik cewa an wuce da wata gawa sahabbai suka yabe ta, Annabi (SAW) ya ce ta tabbata, aka wuce da wata suka ambace ta da sharri, ya ce ta tabbata, sannan ya ce musu su ne shaidun Allah a bayan ƙasa. Daga nan muka samo abin da muke faɗa a wurin jana'iza, cewa wane ya samu kyakkyawar shaida.

Sai dai "mutane" ba abu ɗaya ba ne, kuma nan ne da yawa ke yin kuskure na biyu bayan sun tsere wa na farko. An rawaito cewa wani ya zo yana yi wa wani shaidar kirki a gaban Sayyidina Umar. Umar ya tambaye shi: maƙwabcinsa ne kai, da ka san darensa da ranarsa, shigarsa da fitarsa? Ya ce a'a. Kun taɓa hulɗar dinari da dirhami? A'a. Kun taɓa tafiya tare? A'a. Ya ce to ba ka san shi ba. Da na tuna hanyar da Kawu ya bi, mai shagon layi, dattijon masallaci, 'yan kasuwa, sai na ga wannan ma'aunin ne yake bi, ko ya san ruwayar ko bai sani ba. Bai tambayi abokan yaron na majalisa ba, don ya san za su rufa masa asiri. Bai kuma tsaya kan mutum ɗaya ba.

Yawan shaidun nan yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Akwai wani tsohon bincike da aka fara a Amurka tsakanin 1935 da 1938 a kan mutum 600, samari da 'yan mata 300-300 da aka sa musu rana. Kowa ya bayyana halinsa, abokansa na kusa ma suka bayyana shi. A 2015 Joshua Jackson da abokan aikinsa suka koma kan takardun suka bi diddigin shekarun da kowannensu ya yi a duniya. Suka tarar bayanin abokai ya fi bayanin mutum kansa nuna wanda zai yi tsawon rai. A cikin maza, waɗanda abokai suka shaida da tsari da kula da nauyin da ke kansu sun fi daɗewa. Babban dalilin da masu binciken suka bayar shi ne abokan suna da yawa. Kowane aboki yana da nasa son zuciya, amma idan aka haɗa bakin biyar, karkatar wannan ta gyara ta wancan, sai abin da suka haɗu a kai ya rage. Kai kuwa mutum ɗaya ne, ba wanda zai gyara maka taka karkatar.

Idan kuwa shaidar ba ta cika waɗannan sharuɗɗa ba, tana iya zama zalunci. Mun sha ganin mai kunya an laƙaba masa girman kai. Amarya ta tare, ta yi shiru don nauyin surukai, kafin wata ya zagayo dangin miji sun gama yanke cewa miskila ce, ko raini ne da ita. Baƙon da bai san al'adarmu ba ya ga uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, sai ya ce ba ta son sa, alhali alkunya ce, kuma wataƙila duk cikin 'ya'yanta babu wanda ya kai shi a ranta. Dangi kuma suna da wata matsala tasu: sukan daskarar da kai a shekarun da suka fi saninka. Wanda aka sani da ƙiriniya yana ɗan shekara goma, ko ya kai arba'in yana jagorantar ma'aikata ɗari, a taron gida ba a ba shi magana mai nauyi. Ina jin zafin wannan musamman a kan mata, waɗanda da yawansu an tashe su da "me mutane za su ce" har ta kai ba su da wani ma'auni na kansu. Yarinyar da kishiyar uwa ta shekara goma tana ce mata ba ta da wayo za ta iya girma ta yarda, kuma wannan ba sanin kai ba ne, rauni ne aka yi mata. Bakin mutum ɗaya mai ƙiyayya, ko na taron da bai taɓa zama da kai ba, ba shi ne shaidar da ake nufi ba.

Akwai kuma abu na uku da ke ɓuya tsakanin biyun: abin da kake zaton mutane na gani. Wannan daban yake da abin da suke gani ɗin. David Kenny da Bella DePaulo sun tattara bincike da dama a 1993 suka nuna cewa yawancinmu ba daga fuskokin mutane muke karanto ra'ayinsu a kanmu ba. Abin da muke ɗauka game da kanmu shi muke ɗorawa a bakinsu. Mai ganin kansa da daraja yana zaton kowa haka yake ganin sa. Mai raina kansa yana shiga taro da yaƙinin an raina shi tun kafin ya yi sallama.

Kuskuren kuma ba kullum yake karkata wajen yabon kai ba. A Jami'ar Cornell, Thomas Gilovich da abokan aikinsa sun sa ɗalibai riga mai hoton da suke jin kunyar sawa, suka tura su ɗakin da wasu ke zaune. Masu rigar sun zaci kusan rabin mutanen ɗakin sun lura. Da aka tambaya, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne suka lura. An wallafa wannan a 2000. A 2018 kuma Erica Boothby da abokan aikinta suka gano cewa bayan hira da sabon mutum, yawanci mukan raina yadda muka kwanta masa a rai. Muna can muna tuhumar kanmu kan kalmar da ta kuɓuce mana, shi kuwa ya tafi yana jin daɗin zaman. Na san mutane da dama da wannan ya hana su neman aiki, ko neman aure, ko ɗaga hannu a aji. Idan aka haɗa da binciken baya sai hoton ya fito da ban mamaki: muna damuwa da tabon da ke rigarmu wanda ba wanda ya gani, muna kuma wucewa ta kan maganar da muka yaɓa wa wani wadda ba zai manta ba.

Yanzu ga inda abin ya fi shafar mu. A ƙasar Hausa bayanin halinka yana nan a ajiye, cikakke, a bakin mutanen unguwarku. Mu da muka je bincike mun same shi cikin yini biyu. Mutum ɗaya ne ba ya samun sa, shi ne kai. Kara da kawaici, waɗanda su ne ke riƙe da zaman lafiyar gidajenmu, su ne kuma ke tare saƙon a hanya. Ƙane ba ya faɗa wa wa aibinsa. Mata takan haɗiye. Yaron shago zai ce "ba komai, Alhaji" ya koma bayan kanta ya share hawaye. Kuma iya hawanka iya nisanka da gaskiya: da zarar ka samu kuɗi ko muƙami, sai 'yan fadanci su kewaye ka, kowace magana ka yi a ce "gaskiya ne, ranka ya daɗe". Na ga mutanen da suka shekara ashirin ba wanda ya ce musu sun yi kuskure, kuma ba don ba sa yi ba.

Al'adar ta bar 'yan ƙofofi. Kaka tana iya faɗa wa jika abin da uwa ba za ta iya ba. Taubashi yana da lasisin ya kira ka marowaci a gaban kowa a yi dariya, kuma mai hankali yakan koma gida ya auna ko akwai ƙamshin gaskiya a wasan. Laƙabin da abokai suka sa maka tun makaranta sau da yawa taƙaitaccen rahoto ne. Habaici ma saƙo ne, ko da yake hanya ce mai barin dafi. Abin da ba na ganin amfaninsa shi ne wanda ake yi yanzu a Facebook, mutum ya sa hotonsa ya ce a faɗa masa halinsa ɗaya. Wanda zai amsa a bainar jama'a, da sunansa, yabo zai yi. Wanda zai zage ka kuma galibi bai taɓa zama da kai ba. Duka biyun sun faɗi jarrabawar Umar.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo hanyoyi huɗu a Ihya'u Ulumiddin na gane aibin kai: zama gaban malami mai basira, neman aboki mai gaskiya da za ka ɗora shi a kan sa ido a kanka, sauraron abin da maƙiya ke faɗa, da kuma cuɗanya da mutane, duk abin da ka ƙi a wurinsu ka binciki kanka a kai. Ta ukun ce ta fi wuyar haɗiya. Hujjarsa ita ce idon ƙiyayya yana tono aibi, kuma mai yiwuwa ka fi amfana da maƙiyin da ya faɗi naka fiye da abokin da ke shafa maka mai a baki. Ni dai zan ƙara sharaɗi: maganar maƙiyi abin bincike ce, ba hukunci ba. Ka ɗauke ta ka kai wa wanda ke ƙaunarka ka ce, wane ya ce ina da kaza, ka taɓa gani?

Yadda ake tambayar ma yana da tasiri. "Yaya kake ganin halina?" ba ta haifar da komai sai "wallahi ba ka da matsala". Tambaya ƙarama, mai iyaka, ita ke buɗe baki: jiya da muke magana da wane, na katse shi? In raina ya ɓaci, me kike gani a fuskata? Wane abu ɗaya ne in na daina zaman mu zai fi daɗi? Sannan abin da ka yi a minti na farko bayan amsar shi zai yanke ko za a sake faɗa maka gaskiya har abada. Idan ka fara kare kanka, ka rufe ƙofar. Waɗanda ke ƙasa da kai, mata, 'ya'ya, yaran aiki, su suka fi kowa sanin kaushinka, su ne kuma suka fi kowa hasara in suka faɗa, don haka sai ka sha tambaya kafin su yarda da gaske kake.

Da muka dawo daga binciken, an yi shawara a gida aka amince a ba shi. Amma Kawu ya ce ba zai bari maganar ta tsaya a bayan idon yaron ba. Ya sa aka kira shi zaure, daga shi sai ni. Ya ce: "Ɗana, mun je unguwarku, mun je kasuwa, mun ji alheri. Abu ɗaya aka faɗa da nake son ka ji daga bakina. An ce kana da zuciya." Yaron ya ɗago kai da sauri, ya ce: "Ni, Baba? Wa ya faɗa?" Kawu ya ce: "Amana ce, ba zan gaya maka ba. Amma mutum huɗu ne, kuma duk huɗun sun ce a ba ka." Ya daɗe kansa a sunkuye. Da zai tashi ya ce ya gode, muryarsa na rawa.

Bayan biki da 'yan watanni muka haɗu, shi ya tayar da maganar da kansa. Ya ce daren ranar bai iya barci ba, da asuba ya shiga ɗakin mahaifiyarsa ya tambaye ta ko gaskiya ne. Ta ce masa tun yana yaye haka yake. Ya ce mata: "To Inna, me ya sa ba ki taɓa faɗa min ba?" Ta ce: "Na sha faɗa maka. Kai ne kake ɗauka faɗan uwa ne kawai."